Daga Ɗansoshiya zuwa Riruwai: Inda damina ke fara yi wa Kano sallama

Idan mutumin birni ya ce damina ta sauka a Kano, tambayar da ta dace a yi masa ita ce, a wace Kanon? Duk wanda ya dubi taswirar jihar zai ga tana da wata doguwar jela da ta miƙa kudu, ta ratsa tsakanin Kaduna da Bauchi, ta doshi tsaunukan Jos. A kan wannan jela Tudun Wada da Doguwa suke, Kiru da Bebeji kuwa suna bakin ƙofarta. Sau da yawa masarar mutumin Doguwa takan kai gwiwa alhali manomin Ɗambatta ko Kunci bai ko fito da iri daga rumbu ba, yana nan yana duban gabas. Birnin Kano kan samu ruwan da ya kai kimanin milimita 800 zuwa 900 a matsakaiciyar shekara, amma a ƙarshen kudancin jihar yakan haura 1,000. Wannan bambanci shi ke yanka wa kowane yanki abin da zai shuka, da ranar da zai shuka shi, da abin da zai kai kasuwa da kaka.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shekara da shekaru ina koya wa ɗalibai darasin yanayi da allo da taswira, don haka a tsakiyar watan Mayu na ware kwana uku na bi hanyar kudu, daga Tiga zuwa dajin Ɗansoshiya, daga nan na ratsa Tudun Wada da Falgore har Riruwai. Abin da ke biye shi ne abin da ƙasa da samaniyar wannan yanki suka nuna mini, haɗe da abin da ilimin kimiyya ya ce a kansu.

Gumin bazara da kokawar iskoki biyu

Wanda ya bar Kano ta hanyar Zariya a irin wannan lokaci, zafin da zai ji ba irin na watan Maris ba ne. Na Maris busasshe ne, yana fasa leɓe, gumi na fita yana bushewa nan take. Na Mayu kuwa mai nauyi ne, riga na manne wa jiki, mutum ya yi fifita har hannu ya gaji bai ji sauƙi ba. Dalili shi ne iskar da ke kanmu ta sauya.

Yanayin Afirka ta Yamma baki ɗaya kokawa ce tsakanin iskoki biyu. Ɗaya tana tasowa daga Hamadar Sahara ta arewa maso gabas, busasshiya, mai ƙura. Ita ce ta hunturu. Ɗayar tana tasowa daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Ita ce uwar damina. Inda suka yi karo akwai wani layi da ido ba ya gani, wanda zan kira shi magamar iskoki. Wannan layi ba ya zama wuri ɗaya, bin rana yake yi. A watan Janairu yana can kusa da gaɓar teku, a watan Agusta kuma ya wuce Agadas. Rana takan tsaya daidai tsakar kan mutanen Kano wajen 20 ga Afrilu, ƙasa ta ɗauki zafi, iskar da ke kanta ta yi sauƙi ta tashi sama, sai iskar teku ta kwararo don cike gurbin.

Sai dai isowar iskar teku ba ita ce isowar ruwa ba. Bakinta na gaba siriri ne kamar bakin gatari, tana shigowa ta ƙarƙashin busasshiyar iskar hamada. Danshin ya ishe ka ka jiƙe da gumi, amma bai kai kaurin da zai gina hadari ba. Sai layin ya wuce ka da kilomita ɗari biyu ko fiye sannan kaurin danshin da ke kanka zai isa a yi ruwa na sosai. Wannan shi ne sirrin bazara, kuma shi ne dalilin da ya sa mutanen Doguwa, da suke kudu da birni da fiye da kilomita 150, suke riga kowa ganin ruwa, suke kuma zama na ƙarshe da damina ke yi wa bankwana.

Tiga: ruwan da ke tafiya ba a ganin sawunsa

Zangona na farko shi ne Tiga. An kammala wannan madatsa a kan Kogin Kano a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, kuma an gina ta ne don ta riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan biyu. Da ita ake noman rani a Kadawa da Kura, daga kogin da take saki kuma matatar Tamburawa ke ɗibar wani kaso na ruwan da mutanen birni ke sha. A watan Mayu ruwan ya ja baya sosai, ya bar faffadan gefe na busasshen taɓo da shanu ke takawa zuwa mashaya.

Ba duk ruwan da ya ragu ne ya bi magudana ya tafi gonaki ba. Wani babban kaso sama ya yi. A irin yanayinmu, rana da iska kan kwashe abin da ya kusa mita biyu daga saman buɗaɗɗen ruwa a shekara, wato fiye da abin da samaniya ke zubowa. Ruwan yakan zama tururi, ya shige cikin iska ba a gani. Kowace uwargida ta san wannan aiki ko da ba ta karanta shi a littafi ba: ruwan randa yana sanyi ne saboda wanda ke tsattsafowa ta jikin randar yana bushewa, kuma ba ya bushewa sai ya tafi da zafi. Haka kuma idan ta buɗe tukunya ta ga ɗigon ruwa a jikin murfi, ta ga yadda girgije ke haɗuwa, domin tururi ne ya gamu da sanyi ya koma ruwa. Zafin da tururi ya ɗauka a ƙasa, idan ya koma ruwa a sama sai ya sake shi, kuma wannan zafin shi ne makamashin da ke tuƙa hadari.

Ba nisa da nan, a ƙasar Bebeji, akwai madatsar Bagauda, wadda ta ɓalle a watan Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki da rayuka. Abin lura shi ne wannan ya faru ne shekara huɗu kacal bayan farin 1984. Ƙasar da fari ya gasa ita ce ambaliya ta share. Duk wanda ya tuna abin da ya samu Maiduguri a watan Satumban 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya san cewa lissafin ruwan da ke sauka a saman madatsa lissafin rai ne.

Yammaci a Ɗansoshiya

Na isa yankin Ɗansoshiya, a Ƙaramar Hukumar Kiru, bayan azahar. Sunan wannan daji ya shiga kunnen jama'a sosai a 2020, lokacin da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙaddamar da matsugunin makiyaya a cikinsa, da nufin rage yawon da Fulani ke yi zuwa kudu neman ciyawa da ruwa. Wuri ne na kaɗanya da ɗorawa da marke, ga rugage nan da can, ga gonaki suna cin gefen dajin kaɗan-kaɗan. Sabuwar ciyawa ta fara leƙowa, amma ba ta kai ta ƙosar da saniya ba, shanun duk haƙarƙari a waje.

Na zauna da wani dattijon makiyayi a gindin ɗorawa. Bayan gaisuwa na ce, “Baffa, yaya kuke gane ruwa ya kusa?” Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai ku ne masu karatu.” Da na matsa, sai ya shiga lissafo mini alamu: shamuwa ta iso ta fara gyara sheƙa, gawo ya fara zubar da ganye, iskar dare ta juya tana zuwa daga kudu, shanu kuma suna ɗaga hanci suna shaƙar wannan ɓangare. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da kimiyya za ta ƙaryata. Shamuwa tsuntsuwa ce mai ƙaura, tana biyo damina daga kudancin Afirka ta zo ta yi ƙwai a ƙasashenmu. Juyawar iskar dare kuwa ita ce shaidar cewa magamar iskoki ta wuce ta kansa. Abin da na'ura ke aunawa da lamba shi yake karantawa a jikin tsuntsu da itace.

Wajen la'asar sakaliya gabas ta fara haɗewa. Girgijen da tun hantsi yake warwatse kamar sawun giwa ya taru ya yi tsiri, yana hawa kamar ana gina hasumiya, har can ƙololuwarsa ta baje ta yi faɗi kamar uwar maƙera. Wannan bajewa tana da dalili, kuma a nan ya kamata mai karatu ya san yadda rigar iskar da ta lulluɓe duniya take.

Iskar da muke shaƙa gauraye ce. Kashi 78 cikin ɗari naitirojin ne, kashi 21 oksijin, sauran ɗan abin da ya rage kuma ya haɗa da agon da kabon dayoksaid. Tururin ruwa yana shiga yana fita, wani lokaci kusan babu, wani lokaci ya kai kashi uku ko huɗu. Wannan riga hawa-hawa ce. Hawa na farko, wanda muke rayuwa a cikinsa, a ƙasashe masu zafi irin namu kaurinsa kimanin kilomita 16 ne, kusan rabin tafiyar birnin Kano zuwa Kura ke nan idan aka miƙar da ita sama. A cikinsa kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin iskar duniya yake, kuma a cikinsa ake yin girgije da hazo da guguwa da ruwa. Duk kilomita ɗaya da aka hau, zafi na raguwa da kimanin digiri shida da rabi, har a ƙarshensa sanyi ya wuce digiri 70 ƙasa da sifiri. Daga nan sai hawa na biyu, inda iskar ozon take tare mugun hasken rana, ta kuma ɗumama wurin. Iska mai tashi tana tashi ne muddin ta fi wadda ke kewaye da ita zafi. Da ta isa wannan hawa mai ɗumi sai ta ci karo da rufi, ta baje gefe. Ƙololuwar hadarin da na gani a Ɗansoshiya ƙanƙara ce zalla, tana shawagi a saman ƙasar da ke ƙona tafin ƙafa.

Ɗalibaina kan yi mini wata tambaya duk shekara: idan danshi daga kudu maso yamma yake zuwa, don me hadari ke tasowa daga gabas? Amsar ita ce iskar ƙasa daban, ta sama daban. A tsayin kilomita uku zuwa huɗu akwai wata iska mai ƙarfi da ke kwarara daga gabas zuwa yamma a lokacin damina. Iskar teku ce ke kawo kayan gini, amma ta sama ce ke jan ginin. Hadarin yakan jeru ya yi dogon sahu, ya yi ta tafiya yamma da gudun da ya kai kilomita 50 a awa, wani ma ya faro daga Chadi ya ratsa Najeriya ya shiga Nijar ko Burkina Faso kafin ya mutu. Mafi yawan ruwan da ke sauka a ƙasar Hausa irin wannan hadari ne ke kawo shi.

Kafin ɗigon farko sai da wata iska mai sanyi ta taso da ƙura da ganyaye, yara suka shiga kora maruƙa. Wannan iskar daga cikin hadarin take faɗowa: ruwan da ke zuba yana sanyaya iskar da ya ratsa, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa ta bazu gaba. Ita ce ke yaye kwanon ɗaki da karya turakun lantarki a farkon damina. Da aka yi walƙiya na ƙirga daƙiƙa tara kafin a ji tsawa. Haske yana isowa nan take, sauti kuwa kilomita ɗaya yake ci a daƙiƙa uku, ke nan aradun ta faɗi a nisan kilomita uku. Wannan ɗan lissafi ya kamata kowane yaro mai kiwo ya iya shi. Walƙiya wutar lantarki ce da ke zafafa iskar da ta bi har kusan digiri 30,000, iskar ta faɗaɗa farat ɗaya, ƙarar faɗaɗawar ita ce tsawa. Tana neman abin da ya fi tsawo a fili, saboda haka gindin doguwar bishiya ɗaya tilo, inda makiyayi da shanunsa suka fi son fakewa, shi ne wuri mafi hatsari. Dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, gatari ne da gaske, amma mutanen zamanin dutse ne suka sassaƙa shi.

Ruwan shuka ko ruwan yaudara?

An yi ruwa kamar na minti arba'in, aka ɗauke. Washegari da sassafe ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ko'ina, gina ta fito, ƙauyen ya rabu biyu. Wasu sun ɗauki sungumi sun nufi gona, wasu sun ce a dakata. Wani magidanci ya shaida mini cewa bara sau biyu ya yi shuka, domin ta farko ta tsiro rana ta ƙone ta. Ga wanda ya sayi irin masara na zamani da tsada, ya ci bashin taki, sake shuka ba ƙaramar asara ba ce, wani ma daga nan noman shekarar ke karyewa.

Masana sun daɗe suna neman amsar wannan tambaya. Ma'aunin da aka fi amfani da shi a yankinmu shi ne wanda M. V. K. Sivakumar na cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ya fitar a 1988: damina ta kama idan aka samu ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fashin da ya wuce kwana bakwai ba cikin kwana talatin da suka biyo baya. Rabin farko na wannan sharaɗi ma'aunin ruwan sama ne ke tabbatar da shi, rabi na biyu kuma aikin masu hasashe ne. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita. A hekta guda lita dubu goma ke nan, wato duro hamsin. Ruwan milimita 20 ya zuba duro dubu a hekta. Manomi na gwada wannan da tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta tsaya, kuma gwaji ne mai kyau, sai dai ba ya gaya masa abin da mako mai zuwa zai zo da shi.

Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da kiyasin ranar farawa da ta ƙarewa da lokutan da ake tsoron fashin ruwa. A mutanen da na zanta da su, kaɗan ne suka ce labarin ya iso su, waɗanda suka ji kuma a rediyo suka tsinta a gurguje. Ilimin yana nan a Abuja, mai buƙatarsa yana nan a Kiru, ba a gina gadar da za ta haɗa su ba.

Falgore da buhunan gawayi

Daga Kwanar Ɗangora na kama hanyar Tudun Wada, ƙasar shinkafa da masara. Tun daga nan ido zai ga canji: ƙasa ta fi duhu, ciyawa ta fi kauri, itatuwa sun fi kusa da juna. Da aka shiga dajin Falgore, wanda a da ake kira Kogin Kano, mai faɗin da ya kusa murabba'in kilomita dubu, sai ga doka da maje, itatuwan da ba a saba ganinsu a arewacin jihar ba saboda suna son ruwa mai yawa. Iskar da ke shigowa ta tagar mota ma ta fi sanyi. A gefen hanya kuma, kafin dajin da bayansa, ga buhunan gawayi a jere suna jiran motar birni.

Akan ce itace na kiran ruwa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tana son tacewa. Bayan farin 1972 zuwa 1973, wani masani ɗan Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa idan aka tsiraita ƙasa takan yi fari, ta mayar da hasken rana sama, iskar da ke kanta ta daina tashi, ruwa ya ragu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa babban abin da ya jawo farin shekarun 1970 da 1980 shi ne sauyin zafin ruwan tekuna, ba gatarin manomi ko bakin akuya kaɗai ba. Ai an yi yunwar Kakalaba a 1914, lokacin da dazuzzuka ke cike. Amma binciken bai wanke gatari ba. Itace na zuƙo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ya fitar da shi tururi ta ganye, ya sanyaya wuri, ya ƙara wa iska danshin da hadari na gaba zai ɗauka ya kai arewa da yamma. Uwa uba, daji ne ke rage wa ruwa gudu, ya ba shi damar nutsewa. Idan aka share shi, ruwan zai kwashi ƙasa ya zuba a kogi, kogi ya kai ta Tiga, madatsa ta riƙa cikewa da yashi. Buhun gawayin da aka saya a Falgore, wani ɓangare na kuɗinsa mai noman rani a Kadawa ne zai biya.

Wannan ya fi zama abin damuwa yanzu, domin salon ruwan ya sauya. Kabon dayoksaid da ke cikin iska ya tashi daga kimanin 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa fiye da 420 a yau, duniya ta ƙara ɗumi, kuma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara tana iya riƙe ƙarin tururi na kusan kashi bakwai cikin ɗari. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ma'ana, ruwan na zuwa da ƙarfi a lokaci ɗaya, irin wanda tsirarar ƙasa ba ta iya shanyewa.

Riruwai: rufin Jihar Kano

A Riruwai, tsohon garin haƙar kuza a Ƙaramar Hukumar Doguwa, tafiyata ta tuƙe. Duwatsun nan su ne mafi tsawo a jihar, ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,200 daga doron teku, alhali birnin Kano bai kai mita 500 ba. Bisa lissafin da ya gabata, wannan tazara kaɗai ta isa ta rage zafi da digiri huɗu zuwa biyar. Mai karatu zai iya cewa, ai wanda ya hau dutse ya fi kusa da rana. Haka ne, amma rana ba iska take fara zafafawa ba. Ƙasa take zafafawa, ƙasa kuma ta zafafa iskar da ke kanta, kamar tukunya da wuta ke ci ta gindi. Ga shi kuma iskar da ta hau sama nauyin da ke danne ta ya ragu, sai ta buɗe, buɗewar ta sanyaya ta. Saboda haka dutse ke taimakon hadari: yana tilasta wa iska mai danshi hawa, ta yi sanyi, tururinta ya zama girgije. Tsaunukan Jos da ke kudu da nan suna cikin wuraren da aka sani da haifar da hadura a Afirka ta Yamma.

Daga waɗannan tuddai na kudu ƙoramun da ke haɗuwa su zama Kogin Kano suke gangarowa. Ruwan ya shiga Tiga, ya fito ya haɗu da Calawa, ya zama Kogin Haɗejiya, ya ratsa fadamun Haɗejiya da Nguru, abin da ya tsira ya bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Chadi kuma ba ta cin bashi ba ta biya ba. A arewa maso gabashin tafkin akwai kwarin Bodele, busasshen gindin wani tsohon tafki mai girman gaske, kuma babu wuri a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Idan magamar iskoki ta koma kudu daga watan Oktoba, iskar hamada takan kwaso wannan ƙura ta zo mana da ita. Ita ce hazon da ke hana jirage sauka a Kano, take kuma zuba wa gonaki ɗan taki ba da sanin mai gona ba. Wata ma takan tsallake teku har dajin Amazon. Sanyin daren hunturu kuwa rashin tururi ne ke kawo shi. Tururi bargo ne. Idan babu shi, zafin da ƙasa ta tara da rana sai ya tsere sama da dare.

Abin da ya rage gare mu

An fara rubuta adadin ruwan sama a Kano tun 1905, kuma wannan kundi na cikin mafi daɗewa a ƙasar nan. Amma ma'aunin da ke birni ba zai faɗi abin da ya sauka a Doguwa ba, domin hadari na iya jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi. Ma'aunin ruwan sama ba wata na'ura mai tsada ba ce, mazurari ne da kwalba mai lamba. Da kowace makarantar sakandare a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa za ta kafa ɗaya, ɗalibai su riƙa karantawa kowace safiya suna aika wa malamin gona ta waya, cikin shekara goma za mu mallaki abin da babu wanda zai iya sayar mana da shi daga waje, yaran kuma su koyi kimiyya da hannunsu.

Na biyu, hasashen NiMet ya fito da Hausa da Fulatanci, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, a riƙa sabunta shi duk mako a gidajen rediyo, a kai shi ga dagatai da ardo-ardo da limaman Juma'a. A kuma gaya wa jama'a gaskiya cewa hasashe kiyasi ne, yana dacewa yana kuskurewa, kuma bai ci karo da tawakkali ba, kamar yadda duban gabas da manomi ke yi bai ci karo da shi ba.

Na uku, a ɗauki Ɗansoshiya da Falgore a matsayin wani ɓangare na aikin ruwan jihar, daidai da madatsa da famfo. Wannan na nufin sama wa mai sare itace wata sana'a, da sama wa matan birni makamashin girki da za su iya saya, da shata burtali da makiyaya yadda manomi da makiyayi za su san iyakarsu kafin ruwa ya sauka.

Mu kuma malaman jami'a, lokaci ya yi da za mu zauna da dattawan karkara mu rubuta alamun da suka gada, mu gwada su da ma'auni, mu ga waɗanda har yanzu suke aiki da waɗanda sauyin yanayi ya gurɓata, tun masu ilimin suna raye. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga fari da ambaliya.